Yadda Ake Gyara Ƙotar Bindigar Farauta Idan Tana Harbi Ƙasa da Saiti

Tsuntsu ya tashi a gabanka, ko faifan yumɓu, wanda ake cillawa sama don koyon harbi, ya fito daga inji, ka ɗora bindiga a kafaɗa, a ganinka ka zauna a kansa daram, ka danna kunama, shi kuwa ya wuce abinsa. Wanda ke tsaye a bayanka ya ce, "Ƙarƙashinsa ka bi." Ka sake harbi, ya sake faɗin haka. Idan wannan ya zame maka ruwan dare da bindiga mai watsa ƙwayoyin dalma, galibi matsalar tana wurin da kumatunka yake kwanciya a kan ƙota. Na sha gyara wannan, a tawa bindigar da ta waɗanda nake koya wa harbi, kuma mafi yawan lokuta kwali da salatif ne suka nuna mini maganin tun kafin a taɓa katako.

Kayan da za ka tanada

- Manyan takardu ko kwalaye masu faɗin mita ɗaya a kowane ɓangare, aƙalla guda goma. In akwai farantin ƙarfe na gwaji da ake shafa wa farin fenti a filin harbi, ya fi sauƙi.
- Harsashi iri ɗaya, kwali ɗaya ko biyu, wanda ka saba harbi da shi.
- Cok mafi matsewa da kake da shi, wato ɗan bututun nan da ake murɗawa a bakin bindiga don ya haɗe ƙwayoyi wuri ɗaya.
- Tef ɗin awo, rula mai nuna milimita, maka ta zane, da ɗan littafin rubutu.
- Doguwar sanda miƙaƙƙiya sambal, ko tebur mai shimfiɗaɗɗen kai.
- Siririn kwali ko fata ko roba mai ɗan tauri, almakashi, salatif ɗin takarda irin na masu fenti, da baƙin salatif na masu gyaran wuta.
- Washa ƙanana guda shida, sukundireba, da dogon bokis sifana in za ka cire ƙota.
- Harsashin bogi na gwaji, buhun yashi, babban madubi.
- Tabarau na kariya da abin toshe kunne. Waɗannan biyun ba a barin su a gida.

Sai wurin harbi da doka ta yarda da shi, mai tudun ƙasa a bayan takarda. Ƙananan ƙwayoyin da kake rainawa suna iya wuce mita 200, don haka ka san abin da ke bayan abin da kake harbi.

Abu ɗaya da ya kamata ka fahimta tukuna

Bindigar da ke harba harsashi ƙwaya ɗaya tana da masaita biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Wannan kuwa ɗan ɗigon da ke bakinta kaɗai gare ta. Idonka shi ne masaitin baya, kuma doron ƙota, inda kumatu ke kwanciya, shi ke yanke hukuncin tsayin da idon zai zauna. Doro ya yi ƙasa, ido ya yi ƙasa, harbi ya yi ƙasa. Ka ɗaga doro, ido ya ɗagu, harbi ya ɗagu. Duk inda ka kai ido, can ƙwayoyi za su bi.

In doron ya yi ƙasa sosai, wani abin ma yakan biyo baya. Idon da ke kan bindiga sai ya nutse a bayan ƙarfen tsakiya da ke haɗa ƙota da bututu, ba ya ganin komai, sai ɗaya idon ya karɓe aikin, harbi ya karkata gefe. Ko kuma mutum ya riƙa ɗaga kai don ya hango tsuntsu, yau ya harba sama gobe ya harba ƙasa. Shi ya sa wanda ƙota ba ta dace da shi ba yakan ce bindigarsa ba ta da alƙibla.

Mataki na 1: Sauke bindiga, sannan ka auna ta yadda take

Buɗe ta, duba ramin harsashi da ido, saka yatsa ka taɓa. In mai ma'ajiyar harsashi ce a ƙarƙashin bututu, duba can ma. Kwashe harsasai ka kai wani ɗaki. Duk lokacin da ka ajiye bindigar ka dawo, sake dubawa.

Ɗora ta a kafaɗa yadda ka saba, wani ya liƙa ɗan salatif daidai inda ƙashin kumatunka ya sauka. Sannan ka kwantar da doguwar sandar a kan layin ƙarfen da ke bisa bututu, ta zarce har kan ƙota, ka auna ratar da ke tsakanin sanda da katako a wuri uku: farkon doro, wurin salatif, da ƙarshen ƙota ta sama. In babu sanda, kifa bindigar a kan tebur, ɗigon baki ya leƙa waje don kada ya ɗaga ta, ka auna daga tebur zuwa katako. Bindigogin farauta da yawa suna fitowa da kusan milimita 38 a farkon doro, da wajen 57 zuwa 63 a ƙarshe. Tsawon ƙota kuwa, daga kunama zuwa tsakiyar robar gindi, yakan kama inci 14 zuwa 14 da rabi, wato santimita 36 zuwa 37. An yi wannan awon ne don matsakaicin mutum. Mai gajeren tazara tsakanin ƙashin kumatu da ido, kamar mata da yawa da matasa da masu siririyar fuska, shi ya fi shan wahalar harbi ƙasa.

Rubuta komai. Bayan awa biyu kana ƙari kana ragi, ba za ka tuna daga inda ka taso ba.

Mataki na 2: Tabbatar bututun kansa yana harbi daidai

Kafa takarda, zana ɗigo baƙi mai girman tafin yaro a tsakiya, ka ja baya yadi 16, wato mita 14 da rabi da 'yan kai, daga bakin bindiga zuwa takarda. Zauna, ka ɗora katakon gaba a kan buhun yashi. Katakon fa, ba bututun ba. Daidaita idonka har layin ƙarfen ya shafe, ɗigon baki kaɗai kake gani, ka rufe alamar da shi, ka matsa kunama a hankali. Harbi uku a takarda ɗaya.

In tsakiyar ƙwayoyin ta faɗa kan alama ko kusa da ita, bututu ba shi da laifi, ci gaba. In ta faɗa ƙasa sosai, canza cok ka sake gwadawa, domin cok da aka yanka a karkace ko wanda datti ya hana shi zama yakan karkatar da harbi. Mai baki biyu kuwa, kowane baki da takardarsa. In ɗaya yana harbi daidai ɗaya yana ƙasa da tazara mai yawa, babu gyaran ƙotar da zai haɗa su, wannan aikin mai gyaran bindiga ne ko kamfanin da ya ƙera ta.

Gargaɗi ga mai amfani da farantin ƙarfe: ƙwayoyin dalma kaɗai ake harba masa. Ƙwayoyin ƙarfe suna yin tsalle su dawo kan mai harbi.

Mataki na 3: Tabbatar ba kai ne kake dannar bakin ƙasa ba

Nan ne mutane ba sa son tsayawa, nan ne kuma ake barin jaki ana dukan taiki. Wanda bindiga ta saba shurinsa a kafaɗa, jikinsa yakan koyi zabura kafin ƙara ta tashi: ya runtse ido, ya tura kafaɗa gaba, bakin bindiga ya sunkuya. Shi bai san yana yi ba, domin shurin yana rufe motsin.

Gwajin mai sauƙi ne. A filin harbi, baki na fuskantar takarda, abokinka ya riƙa ɗura maka bindiga ba tare da ka ga abin da ya saka ba, wani lokaci na gaske wani lokaci na bogi. Ka ɗauki kowanne a matsayin na gaske. In babu harsashin bogi, ɓawon wanda aka riga aka harba zai yi na 'yan lokuta. Akwai wani ɗalibina da ya zo mini da niyyar a yanke masa ƙota a saka doro mai motsi, wanda ake iya ɗagawa ko saukewa. A karo na huɗu kunama ta ce ƙyas, babu ƙara, muka ga bakin bindigar ya yi ruku'u kusan tsawon tafin hannu, shi kansa har ya yi taku ɗaya gaba. Ya tsaya yana kallon bindigar kamar ita ta yi masa laifi. Maganinsa harsashi mai sauƙin shuri ne da robar gindi mai laushi da atisaye da na bogi, ba mu taɓa katakon ba.

Sai ɗora bindiga. Tsaya gaban madubi da bindigar da ka tabbatar babu komai a cikinta. Rufe ido, ɗora ta, ƙota ta zo ta sami kumatu, kada kai ya sunkuya ya je nemanta. Buɗe ido ka dubi kanka. Abin da ake so shi ne baƙin idonka ya zauna a kan layin ƙarfe kamar ƙwallo a kan tebur. In rabinsa ko dukansa ya nutse a bayan ƙarfe, doro ya yi ƙasa. Yi haka sau goma. In kowane karo idon yana sauka wuri daban, dakata da gyaran ƙota, ka yi mako biyu kana atisayen ɗorawa minti goma kullum, domin ba a ɗinka wa mutum riga yana rawa.

Kada ka sa wani ya tsaya gaban bakin bindiga don ya duba maka ido. Madubi ko wayar da aka jingina tana ɗaukar hoto sun isa.

Mataki na 4: Harbi a takarda yadda kake harbi a fili

Sabuwar takarda, alama a tsakiya daidai tsayin idonka, yadi 16, cok mai matsewa. A wannan karon a tsaye kake. Riƙe bindiga ƙasa da kafaɗa, kafa ido a kan alama, ɗora ta a natse, da kumatu ya taɓa doro ka harba. Kada ka tsaya gyara saiti. Da ka dubi ɗigon baki ka ɗan motsa, ka ɓata gwajin, don abin da muke nema shi ne inda bindiga ke kallo sa'ad da kai kake kallon alama.

Harbi biyar a takarda ɗaya, kana sauke bindiga tsakanin kowanne. A wannan nisan ƙwayoyin ba su gama bajewa ba, faɗinsu bai fi na babban faranti ba, sai tsakiyar ta ci ta zama rami ɗaya da ake gani sarai. In ka ji a jikinka cewa wani harbin ka fizge shi, canza takarda ka sake daga farko. Yi takarda uku. Idan duka ukun suka nuna wuri guda, ka sami gaskiyar bindigarka. Zana da'ira a kewayen inda ƙwayoyi suka fi cunkushewa, sa ɗigo a cibiyarta, auna daga nan zuwa alama da rula. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan dai bar ido ya huta, rula ta yi magana.

Mataki na 5: Lissafin abin da za ka ƙara

Dalilin zaɓen yadi 16 ke nan. Daga idon mai harbi zuwa ɗigon baki kusan yadi ɗaya ne, daga baki zuwa takarda yadi 16. Saboda haka duk abin da ido ya motsa, harbi yana motsa ninkinsa 16 a takarda. Inci ɗaya a takarda daidai yake da kashi ɗaya cikin 16 na inci a doro. Da ma'aunin mita ma haka ne: raba kuskuren gida 16.

Amma kafin ka raba, yanke shawarar inda kake so harbin ya faɗa. Masu harbi suna faɗinsa da kaso: 50/50 na nufin rabin ƙwayoyi sama da alama rabi ƙasa, 60/40 na nufin kashi 60 suna sama. Masu harbin faifan da ke tashi yana nisa da su sukan so 70/30 ko fiye. Don farauta da harbi na yau da kullum ni 60/40 nake so, saboda yana ba ka damar ganin tsuntsu a bisa baki maimakon ka rufe shi da bututu, kuma tsuntsun da ya tashi daga ƙasa dama hawa yake yi. A yadi 16, wannan yana nufin cibiyar ta zauna kusan santimita 3 sama da alama.

Misali, takardunka sun nuna santimita 8 ƙasa. Kana son 3 sama. Jimla 11 ke nan, wato milimita 110. Raba 16, ka sami kusan milimita 7. Wannan za ka ƙara a wurin salatif ɗin nan da aka liƙa maka a mataki na farko.

Kada ka raina ƙanƙantar lambar. Milimita 3 a doro tana motsa harbi kusan santimita 12 a yadi 40. Lissafin kuma jagora ne kawai, naman kumatu yana lotsawa, kwali ma yana lotsawa, takarda ce za ta yanke magana ta ƙarshe.

Mataki na 6: Ɗaga doro da kwali

Fara liƙa salatif ɗin takarda a kan katakon, shi zai kare fenti ko man da aka shafa masa. Salatif mai ƙarfin danƙo in ya kwana a kan katako kai tsaye yakan taso da fentin. Yanka kwali sirara-sirara, faɗin kamar santimita 2, tsawon kamar 12 zuwa 15. Jera su a kan tsinin doro kaɗai, ɗaya bisa ɗaya, har su kai awon da ka lissafa in ka matse su da yatsa. Naɗe da baƙin salatif sau ɗaya ko biyu, ka ja shi sosai. Sake aunawa da sanda da rula.

Kuskuren da na fara yi a nan, na ɗauko roba mai kauri na lulluɓe doron gaba ɗaya har gefe da gefe. Na je takarda, harbi ya hau sama yadda nake so, amma ya koma hagu da kusan tafin hannu. Na yi ta zargin cok, na zargi harsashi, sai da yamma na lura cewa robar da ta sauka gefen ƙota ta ture fuskata waje. Na-dama in aka kaurara masa gefen da kumatu ke jingina, idonsa yana matsawa hagu, harbi ya bi shi. Bahago kuma akasin haka. Don haka ƙari a sama kaɗai, gefe a bar shi yadda yake.

Abu na biyu, ka sa ƙarin ya ɗan fi kauri ta baya fiye da ta gaba. Doron da ya gangara sosai zuwa baya, in bindiga ta yi shuri, tudun gaban yana tahowa ya daki ƙashin kumatu. In ƙarin ya rage gangaren, doro yana zamewa ƙarƙashin fuska ba tare da mari ba. Ƙara guntun kwali ɗaya ko biyu a rabin baya ya wadatar. Duba kuma cewa ƙarin bai tokare babban yatsanka ba, bai kuma hana makullin buɗe bindiga juyawa ba.

Koma madubi, sannan takarda, ka maimaita mataki na 4 daidai yadda ka yi shi. Yanzu za ka ga ɗan layin ƙarfe yana miƙe a gabanka, abin da da ba ka gani. In bindigarka tana da ɗigo biyu, na tsakiya zai zauna ƙarƙashin na baki su yi siffar lamba 8. Wannan zai yi maka baƙunta na 'yan kwanaki, sai ka ji kana son danna kumatu da ƙarfi don ka mayar da tsohon hoton. Kada ka danna. Nauyin kumatu ya zama ɗaya kullum, kamar yadda kake tallafe fuska da tafin hannu in kana zaune. Ƙara ko rage kwali ɗaya-ɗaya har takarda uku a jere su nuna inda kake so.

Mataki na 7: Idan har yanzu akwai saura, duba tsawo da karkatar gindi

Tunda doro gangare ne, ƙota mai tsawo tana mayar da fuska baya, inda katakon ya fi ƙasa. In ka ɗora bindiga, tsakanin hancinka da gindin babban yatsan hannun kunama ya kamata ya ɗauki kamar yatsu biyu. In ya kai huɗu, ta yi maka tsawo. Gwada robar gindi mai ƙarancin kauri, ko ka cire faifan ƙarin tsawo in akwai. Kada ka kai zarto kan katako don gwaji.

Karkatar gindi kuwa, tsayar da bindiga a kan gindinta a ƙasa, robar ta zauna daram, ka matsa da ita har bayan ƙarfen tsakiya ya taɓa bango. Auna daga bakin bututu zuwa bango. Kusan santimita 5 zuwa 6 abu ne da aka saba gani a bututu mai inci 28. In ratar ta zarce haka da yawa, gindin yana son hawa kafaɗa, baki yana son sunkuyawa. Sassauta sukurorin robar gindi biyu, ka shafa wa sukundireba ɗan ruwan sabulu don kada ta yaga robar, ka saka washa ɗaya ko biyu tsakanin roba da katako a sukurun ƙasa, ka ɗaure. In ka wuce gona da iri, tsinin ƙasan zai riƙa sukar ƙirjinka, bakin yana tsalle sama, doro yana marin fuska. Abin nema shi ne robar ta kwanta a kwarmin kafaɗa daga sama har ƙasa.

Canji ɗaya a lokaci ɗaya. In ka taɓa doro da tsawo da karkata a zama guda, ko an dace ba za ka san wanne ya yi aikin ba.

Mataki na 8: Mayar da gyaran na dindindin

Yi harbi da kwalin nan na 'yan makonni, aƙalla harsashi ɗari biyu, kafin ka kashe ko sisi. Ba shi da kyan gani, za a yi maka dariya, ka bar su. In ka gamsu, sake auna tsayin doro a wurin kumatu ka rubuta. Wannan lambar ita ce abin da ka sha wahala dominsa.

Hanya mafi sauƙi ita ce rigar doro, ta fata mai igiya ko ta roba mai miƙewa da ke zuwa da soso kala-kala na kauri. Tana da aibi biyu: tana ƙara kauri a gefe, kuma wadda ba ta matse ba tana juyawa. Bayan ka saka, koma takarda.

In bindigarka mai ɗura kanta ce, irin na kamfanonin Beretta da Benelli, yawanci tana zuwa da 'yan faifai da ake sakawa tsakanin ƙota da ƙarfen tsakiya. A na Beretta za ka ga lambobi irin 50, 55, 60, 65, su ne milimitar saukar ƙarshen ƙota, tare da DX na na-dama da SX na bahago. Ƙaramar lamba tana nufin ƙota ta miƙe, harbi ya ɗagu. Cire robar gindi, kwance notin da ke cikin ramin da dogon bokis sifana, galibi lamba 13, zare ƙota, canza faifan gaba. Akwai kuma farantin ƙarfe a cikin ramin ta baya, dole lambarsa da harafinsa su dace da na faifan gaba, in ba haka ba ƙota ba za ta zauna daidai ba, tana ma iya tsagewa. Littafin bindigar yana nuna fuskar da kowanne zai kalla. Ka lura cewa milimita 5 a ƙarshen ƙota ba 5 ba ce a wurin kumatu, kusan rabinta ce, don kumatu ya fi kusa da inda ake lanƙwasawa. Mai neman milimita 7 faifai kaɗai ba lalle su kai shi ba. Wajen ɗaure noti, ya kama sosai amma kada ka hau shi da ƙarfin tsiya.

Ga bindiga irin Remington 870 da doguwar sukundireba ake kwance ƙotarta, haska tocila cikin ramin ka tabbatar bakin sukundireba ya shiga tsagar sukuru. In ya zame ya shiga tsakanin sukuru da katako ka murɗa, gefen ƙotar zai fashe. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Doro mai motsi shi ne na fi so ga wanda yake harbi da yawa. Mai gyaran bindiga yana yanke saman ƙota ya ɗora shi a kan sanduna biyu na ƙarfe, a riƙa ɗaga shi ko matsar da shi gefe. In ka sami tsayin da kake so, jera washa a kan sandunan don ko sukuru ya sassauta doron ba zai faɗa ba. Haɗarinsa ɗaya ne, mai shi yakan kasa barin sa ya huta: ya kuskure faifan yumɓu biyu sai ya zaro makullin kwance sukuru.

Ƙotar katako mai daraja ana iya lanƙwasa ta da zafi, da mai mai zafi ko fitila mai dumama katako, a wuyan ƙota. Wannan ba aikin gida ba ne. Katako yana iya tsagewa, wani kuma yakan ɗan koma yadda yake bayan watanni. Kai wa gwani, ka ba shi lambar da ka rubuta.

Mataki na 9: Gwaji a kan abu mai motsi

Takarda ba ta tashi sama, saboda haka ƙarshen gwaji a kan faifan yumɓu ne. Fara da wanda ke tafiya miƙe yana nisa da kai, domin shi ne ba ya buƙatar ka sha gabansa ta gefe, kuskuren sama ko ƙasa kaɗai zai nuna. Sa wani ya tsaya a bayan kafaɗarka ya dubi yadda yake fashewa. In gutsattsarin suna yin sama, ƙasan faifan kake duka, da saura kaɗan. In suna zubowa ƙasa da ƙarfi, samansa kake duka, ka ɗan zarce. In ya zama ƙura a wuri ɗaya, bar komai yadda yake. Kada ka yanke hukunci da faifai biyu ko uku, harba 25 tukuna.

Yi wannan gwajin da irin kayan da za ka saka ranar harbi. Riga mai kauri tana ƙara wa ƙota tsawo, ta mayar da fuska baya, harbi ya sake sauka kaɗan. Wasu suna ajiye robar gindi biyu saboda haka, siririya ta lokacin sanyi da mai kauri ta lokacin zafi. Haka nan in ka rame ko ka yi ƙiba har ta nuna a fuska, ko ka canza tabarau, ɗauko takarda uku ka koma yadi 16 ka ga ko lambar da ke littafinka tana nan.